Ƙwayar da Aka Aro Daga Ɗakin Baba Mala

Ni makanike ne, injin ban-ruwa nake gyarawa a nan Diffa, kuma tun ina yaro ban iya ganin abu a rufe in ƙyale shi. Rediyon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, har kwance shi na yi don in ga mai maganar da ke ciki, na sha kashi kuwa. Yayana Ari ne ya raɗa mini suna Tambayau, har yau a Shetimari akwai waɗanda ba su san sunana Mamman ba. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga ina tsayawa a kan abin da wani zai wuce. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan jinya kuwa, wani kuskure ne da aka yi a gidana da kyakkyawar niyya, ya kusa cin mutum biyu, kuma na tabbata ana yin irinsa a gidaje da yawa a garin nan.

Yaya manomin tattasai ne, garkarsa tana bakin kogin Komadugu, can gefen Shetimari. Mutum ne mai murya, mai faɗa kamar me. In na gyara masa inji sai ya tsaya a kaina yana cewa hannuna na mai dakan fura ne, alhali ba ya yarda kowa ya taɓa injin sai ni. Shekarar da abin ya faru, kogi ya cika ya tumbatsa, ya shigo garake daidai lokacin da tattasai ya fara ja. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Maƙwabtansa sun yi jimami, da ruwa ya ja baya suka tashi, wannan ya dasa albasa, wancan ya nemi iri a wurin dangi. Yaya bai tashi ba.

Matarsa Bintu ce ta kira ni a waya. Ni da Bintu wasa muke yi irin na ƙanin miji da matar wa, ba ta kirana sai ta fara da tsiya, amma ranar ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. Ta ce Yaya ya daina zuwa majalisa, ya daina kunna rediyo, abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Tun kafin kiran assalatu yake farkawa ya zauna ya zuba wa bango ido. In an tambaye shi sai ya ce jikinsa ne ya yi nauyi, ƙirjinsa kamar an ɗora dutse.

Da na je, na gwada shi da gangan. Na ce masa na ɗauki injinsa na ara wa wani mutum da na san ba sa ga maciji, wai har ya ƙona masa shi. A da, da sai unguwa ta ji mu. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “To.” Wallahi wannan to ɗin ta fi ba ni tsoro da duk abin da Bintu ta faɗa.

Daga nan shawarwari suka fara zuba. Wata gwaggo ta ce zazzaɓin cikin ƙashi ne, aka yi masa ƙarin ruwa. Wani ya ce taifot ne, aka auna jini ba a ga komai ba. Aka sha rubutu, aka yi turare har kayan ɗakin suka koma ƙamshin hayaƙi. Kawu Modu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda shi ne babba a dangi yanzu, ya ce shi ba ya ko tantama, mutanen ruwa ne: kogin da ya shiga gonar mutum ba ya komawa hannu sake. Ni dai ina ta mamakin yadda ruwa ɗaya ya ci gonakin mutane da yawa amma mutum ɗaya ya kwantar. Ranar da Yaya ya ce wa Bintu da ma ruwan ya haɗa da shi ya tafi, ranar na samo mota na kawo su Diffa, gidana.

A nan sai na gabatar da Baba Mala da matarsa Ya Fanna. Mutanen Damasak ne, suna cikin waɗanda suka ƙetaro kogi shekarun baya, lokacin da aka gudu ba a ɗauki ko tukunya ba. Ɗakin da ke bakin ƙofar gidana na ba su, suna ciki har yau. Mun zama kamar gida ɗaya. In an yi rabon taimako, Ya Fanna ba ta buɗe buhu sai ta ɗebo wa matata. Gishiri, ashana, maganin ciwon kai, duk wanda yake da shi na kowa ne. Baba Mala falken kifi banda ne a da, dattijo mai kunya, amma tun bayan gudun nan yake da lalura. Yana jin mutane suna kiransa daga ƙetare, mu ba ma jin su, shi yana ba su amsa. Yana shan magani ya samu sauƙi, sai ya ga ya warke ya ajiye. Satin da na kawo Yaya kuwa ciwon ya taso masa sosai, ba barci, yana zagaya tsakar gida yana gardama da waɗanda ba ma gani, har ya ce an sa masa guba a tuwo.

Don haka adaidaita ɗaya muka ɗauka zuwa asibiti, mu biyar, kuma ƙofa ɗaya aka nuna mana. Wannan ƙofar ta masu ciwon tunani tana can baya, benci biyu a inuwar itacen bedi. Mun isa da hantsi muka tarar da layi. Na ga wata mata daga wajen Yebi ta rufe fuska da mayafi don kada a gane ta, na ga wani saurayi da askinsa ya nuna soja ne ko da yake kayan gida ya saka, yana ta karkaɗa ƙafa. Ba mai kallon wani. Ni kuwa bakina bai iya zama ba, na tambayi na kusa da ni wane magani ake ba ɗan'uwansa, ya ce oho, maganin kai dai. Na tambayi wani, shi ma ya ce maganin kai. A bencin nan kowa ya ɗauka abu ɗaya ake rabawa, kamar yadda ake rabon shinkafa.

Sai bayan azahar muka shiga. Lokotoron, wato likitan, mutumin yamma ne, Hausarsa da ɗan harshen Zabarmanci, kuma ina gode masa har gobe don ya zauna ya saurari Yaya, bai katse shi ba duk da kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya. Ya tambaye shi ko yana jin muryoyi, ya ce a'a. Ko yana ganin ana binsa da sharri, ya ce a'a, shi ne dai ba shi da amfani. Lokotoro ya ce wannan ciwon baƙin ciki ne mai nauyi, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana jin magani. Ya rubuta ordinansi, wato takardar sayen magani, ya ambaci sunan jinsin maganin da Faransanci, antidepresar. Na sa ya maimaita har na riƙe. Ya ce baki zai bushe, za a ɗan ji jiri, kuma kada mu sa ran ganin komai sai an yi sati uku ko huɗu, wani ma ya fi haka. Na ce me ya sa yake da nawa haka, alhali maganin ciwon haƙori kafin ka gama shayi ya yi aiki? Ya yi murmushi ya nuna mini ƙofa, ya ce in dubi layin da ke waje. Na fito da tambayata a baki, kuma a nan ƙorafina yake: Bintu tana waje tana tsaron kaya, ba ta ji wannan bayani daga bakinsa ba, daga bakina ta ji, ni da ta saba ɗauka abokin wasa.

Baba Mala shi allura aka yi masa, aka ba Ya Fanna wasu ƙananan fararen ƙwayoyi. Su da yake suna da kartin ƴan gudun hijira, kyauta aka ba su. Mu sai da muka zagaya farmasi, na farko babu, na biyu akwai amma da tsada. Daga baya ma sai da Bintu ta sayar da tunkiyarta.

Satin farko Yaya ya sha ruwa kamar raƙumi saboda bushewar baki, ban da wannan ba abin da ya canza. Baba Mala kuwa cikin ƴan kwanaki ya yi barci, ya daina zagaye, ya karɓi tuwo daga hannun matarsa. Sati na biyu yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran wata tsohuwar komar kamun kifi, duk wanda ya wuce ya ce masa wushe, wato sannu da Barbarci. Yaya yana can ƙuryar ɗaki fuska ga bango. Gaskiya barcinsa ya ɗan ƙaru, na lura da haka na faɗa, amma wa zai yi murna da barci alhali ga maƙwabci yana gaisawa da mutane?

Bintu ta fara magana ƙasa-ƙasa. Ta ce rana ɗaya aka je, likita ɗaya aka gani, kuma kowa ya ga wanda ciwonsa ya fi tsanani, amma shi ne ya riga tashi. Ta ce ai sananne ne kayan da ake kawo wa ƴan gudun hijira daga ƙasashen Turawa suke zuwa, man girkinsu ma ya fi na kasuwa kyau, balle magani. Namu na farmasi wa ya san shekara nawa ya yi a kanta yana shan zafi? Na ce mata likita ya ce a jira. Ta ce, “Kai da likitan naka, ku jira. Ni mijina nake kallo yana narkewa.” Ni ma abin yana ci mini rai, kuma ni ma ban san dalilin nawar ba.

Kawu Modu kuma kullum sai ya bugo waya. Ya ce ya ba asibiti dama don kada a ce ya hana, amma in ya zo ya tarar ba sauƙi zai ɗauke Yaya zuwa wurin wani malami can wajen Fulatari, wanda sharaɗinsa shi ne a bar duk wata ƙwaya a bakin ƙofa. Ba na raina addu'a, ni ma ina tofa wa Yaya safe da yamma. Abin da nake tsoro shi ne a kai mutumin da ya ce da ma ruwa ya tafi da shi can nesa, ba magani, ba mai sa masa ido. A danginmu kuwa in Kawu ya yanke magana ta yanku.

A sati na uku aiki ya yi mini yawa, manoma suna ta da injunansu, ina fita da safe ban dawowa sai yamma. Sai na fara ganin wani sabon abu. Yaya yana wuni yana barci, miyau yana zuba a gefen bakinsa. In ya tashi zuwa bayi yana tafiya sanƙarau, hannuwa a manne da jiki, kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Yatsunsa suna rawa in ya riƙe kofi. Bintu kuwa fuskarta ta saki, ta ce magani ya fara kama shi, haka Baba Mala ma ya fara da barci. Ni abin ya ɗaure mini kai, don lokotoro ya lissafa mini bushewar baki da jiri, bai ambaci wannan ba. Na ƙudurta in tambaye shi ranar komawa.

Ba mu kai ranar ba. Wata Laraba Kawu ya iso da mota, ya zo da niyyarsa. Muna zaune bayan azahar ana gaisawa, sai wuyan Yaya ya murɗe gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshe ya fito waje. Yana so ya yi magana ba ya iyawa, sai gurnani. Mata suka sa salati. Kawu ya miƙe ya ce to ga shi nan, mai abin ya bayyana kansa, a ɗauko shi a sa a mota. Ni kaina ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba, a raina na ce ko dai Kawu ne da gaskiya. Na durƙusa na roƙe shi abu ɗaya: mu bi ta asibiti, hanya ce, in ba su san mene ne wannan ba kafin la'asar sakaliya, ni da kaina zan raka su Fulatari. Ya juya ya ce wa direba ya bi ta can.

Allah ya sa lokotoron yana nan. Kallo ɗaya ya yi wa Yaya ya sa aka kawo wata allura. Kafin a gama yi ya juyo gare mu ya ce, “Wa ya ba shi maganin wani?” Na ce ba kowa, ga nasa nan muna ba shi. Ya ce maganin da ya rubuta ba ya murɗe wuya haka, wannan aikin wani jinsin ne daban. Muna tsaye muna kallo, ba a daɗe ba wuyan ya saki, harshe ya koma, idanu suka sauko. Kawu ya matsa kusa yana leƙa fuskar Yaya, ya taɓa wuyan da hannunsa, ya dubi sirinjin da ke cikin tasa.

Sai Bintu ta fashe da kuka. Ta kwance bakin mayafinta, ga ƙananan fararen ƙwayoyi a ƙulle. Ta ce ita ta je ta roƙi Ya Fanna. Ta ajiye na Yaya gaba ɗaya ta koma ba shi na Baba Mala, kuma da ta ga Yaya ya fi Baba Mala jiki sai ta riƙa ba shi biyu-biyu. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, lokotoro ya riga ni da wata tambayar da ba ta zo wa ko ɗayanmu ba. Ya ce, “Shi mai maganin fa, me yake sha?”

Na bar su nan na ruga gida. Na tarar da Ya Fanna a bakin ƙofa tana dube-dube, komar tana yashe a ƙasa, Baba Mala ba ya nan. Ashe da farko rabin ƙwayar Ya Fanna take ba mijinta, rabi Bintu, da Bintu ta ƙara yawan nata sai nasa ya ƙare ƙaf, kuma kunya ta hana ta komawa asibiti kafin lokaci. Kwana biyu ke nan ya koma yin magana shi kaɗai, ta ɓoye mana don kada ta ƙara mana damuwa. Na san inda muryoyin nan suke kiransa, don haka na nufi kudu, wajen garake. Wanda ya san Diffa ya san abin da ake nufi da dattijo ya doshi kogi shi kaɗai yana neman ƙetarewa: in ruwa ya bar shi, masu bindiga na wannan gefen ko na wancan ba za su tsaya tambayarsa lalurarsa ba.

Wasu manoma da nake gyara wa inji ne suka tare shi. Sun gan shi da takalma a hannu, ya naɗe wando, yana ce wa wasu su dakata yana zuwa. Suka yi dabara suka ce ya zauna ya sha shayi tukuna, jirgi bai iso ba. A haka na same shi, a kan buhu, da kofi a hannu, rana ta yi sanyi. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri, ko sunansa ba su tsaya nema ba, sun dai ce sun san shi baƙon gidan mai gyaran inji ne.

Da muka dawo na tambayi Ya Fanna, ban da faɗa, don da gaske ina son in sani: ta ga abin da ke faruwa da mijinta in ya bar magani, me ya sa ta bayar? Ta gyara zama, da Hausarta mai harshen Barebari ta ce, “Ɗana, ranar da muka zo ko tabarma ba mu da ita, ka buɗe mana ɗaki. Matar yayanka ta zo tana kuka, in ce mata babu?” Na tashi na shiga ɗaki don kada ta ga idona.

Ranar komawa lokotoro ya sa aka shigo da mu duka, har Kawu, wanda ya fasa tafiya. Wannan karon bai nuna mini layi ba. Ya ɗora ƙwayoyin biyu a kan tebur. Ya ce na Baba Mala sunan jinsinsa nerolebtik, aikinsa shi ne ya rage muryoyin da babu su da zargin da ba shi da tushe, ya kwantar da mutumin da hankalinsa ya tashi. Natsuwar tana zuwa da wuri, shi ya sa muka ga kamar ya fi ƙarfi, amma muryoyin su ma a hankali suke ja da baya, kuma in an ajiye shi sukan dawo. Wani lokaci yana sandarar da jiki, ya sa rawar hannu ko murɗewar wuya, musamman in an sha da yawa, kuma akwai maganin hakan. Na Yaya kuwa ba muryoyi yake kora ba, don Yaya ba shi da su. Shi mutumin da ya nutse yake ɗagowa, kuma ba ya yi da gaggawa: barci ne ke fara gyaruwa, sai cin abinci, sai ƙarfin jiki, zuciya ita ce ta ƙarshe. Ya ce ƙarin barcin da na gani a sati na biyu, alamar farko ke nan, a daidai nan aka katse.

Na sake jefa tsohuwar tambayata, me ya sa nawa? Ya ce amsar gaskiya ita ce maganin yana shiga jiki tun ranar farko, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar lokaci kafin ta sake sabawa, kuma su kansu likitoci ba su gama sanin yadda hakan ke faruwa ba. Wannan amsa ta burge ni fiye da in ya yi mini dogon Faransanci. Na ce to na gane, kamar esansi da gazuwal ne, wato fetur da dizal, gidan mai ɗaya ake sayar da su, duka mai ake ce musu, amma in ka zuba wa injin esansi gazuwal ka kashe shi. Ya yi dariya ya ce na kusa, sai dai akwai marar lafiyar da yakan haɗa wa duka biyun, in ciwon ya buƙaci haka, amma shi ne zai auna, ba maƙwabta ba. Ka ji inda misalina ya lalace, don ni ban taɓa ganin injin da ke shan duka biyun ba.

Kawu ma ya yi tasa tambayar. Ya ce shin ƙwayar tana faɗa da rubutu? Lokotoro ya ce ko kaɗan, a yi addu'a a sha rubutu, kada dai a ajiye ƙwayar, ko da ya ji sauƙi, sai an yi watanni kuma shi ne zai rage ta sannu a hankali. Ya ƙara da cewa a sa wa Yaya ido sosai a makonnin farko, lokacin da ƙarfin jiki ya fara dawowa amma zuciya ba ta saki ba. Kawu ya jinjina kai ya ce ya ba da wata biyu. Bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba. Ya koma gida ya riƙa aiko da rubutu a jarka.

Aka koma farko. Ba zan yi ƙarya ba, makonnin nan sun fi na baya tsawo, don yanzu marasa lafiya biyu ne a gidan, kuma Bintu da Ya Fanna kowace tana jin kunyar kallon ƴar'uwarta. Bintu ta daina yi mini tsiya, abin da ya dame ni fiye da yadda na zata. Baba Mala ya fi jimawa wannan karon kafin ya dawo daidai. Yaya kuwa kamar yadda aka faɗa: barci, sannan wata rana ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari, sannan ya ce a kai masa ruwan wanka ba tare da an roƙe shi ba. Wajen sati na shida ina tsakar gida na kwance wani inji ina sake ɗaura shi, na ji murya daga bayana tana cewa wace irin ɗaura ce wannan, da ƙafa na yi ta? Na juya, Yaya ne tsaye ya riƙe ƙugu. Bintu tana bakin murhu ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ga wanda ke jinya irin wannan, abin da zan ce kaɗan ne. Ƙofa ɗaya ake shiga amma ba ciwo ɗaya ake kawowa ba, kuma mai saurin aiki ba shi ne mai kyau ba. A shigar da mai ba da maganin a gida gaban likita ta ji da kunnenta. A yi tambaya ko da an nuna maka layi. Mu a nan mun saba raba komai da maƙwabci, da wannan halin muka rayu a shekarun wahala, ba na so mu bar shi. Wannan abu ɗaya dai a cire shi daga cikin abin da ake rabawa.

Mun ɓoye wa Yaya labarin kogi, muna tsoron ya ce shi ne sanadi ya sake nutsewa. Amma gida ɗaya ba a ɓoye magana, ya ji daga bakin Bintu da kanta, ta ce ta gaji da riƙe ta. Ranar tun safe bai yi wa kowa faɗa ba. Da la'asar na ga ya ɗauki tabarmarsa ya nufi ƙofar gida. Na bi shi da ido, na ɗauki wata sifana na matsa kusa kamar ina aiki. Ya shimfiɗa a gefen Baba Mala, wanda ke gyaran komarsa, suka gaisa da Barbarci. Sannan Yaya, mutumin da ya shekara arba'in yana yi mini ba'a a kan tambaya, ya yi tasa.

Ya ce, “Baba Mala, da suka dawo, me suke ce maka?”

Baba Mala bai ɗago daga komar ba. Ya ce, “Abu ɗaya ne kullum. Cewa suke in tashi in tafi gida.”

Yaya ya ja bakin komar ya riƙe masa don ta miƙe. Ya ce, “In sun sake zuwa, ka ce musu kana gida.”